Ranar da Aka Ƙi Karɓar Jinin Mai Faci

Mai facin bakin tasha bai iya zama ba. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake jiran taya ta huce, in kuma babu aiki sai ya hau zagaya injin iskarsa yana goge inda ba datti. Direbobi suka laƙaba masa Kullum-Tsaye, bai musa ba.

Su biyu suka rage a ɗakinsu, shi da ƙanwarsa da yake kira Auta. Uwa da uba kowanne na ɗauke da sikila bai sani ba, sai da 'ya'ya suka fara zuwa. Shi ya fita tas, Auta kuwa ta kwaso ciwon gaba ɗaya. Tun yana saurayi, duk lokacin da ƙasusuwanta suka hau sara, idonta ya yi fari, aka ce sai an ƙara jini, shi ke naɗe hannun riga. Ta yi aure, ta zama tela, amma jinin mijin bai dace da nata ba. Takan zolaye shi, "Yaya, ka rage faɗa da direbobi, jininka ya sa ni ma na fara zafin rai."

Bana ya lura in ya ɗaga tayar babbar mota numfashinsa na yankewa, da yamma takalmi na matse shi. Bai gaya wa kowa ba. Da aka kwantar da Auta ya ruga asibiti da baƙin mai a hannu, ya miƙa dantse kamar yadda ya saba. Nas ta auna shi, ta sake aunawa, ta kira likita. Likita ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Malam, akwai mai ciwon zuciya a gidanku?"

"Babanmu dai ya faɗi a wurin aiki, bai tashi ba. Ƙanensa ma haka."

"To ba za mu ɗebi jininka ba. Kai ma majinyaci ne."

"Likita, ki ɗiba yau, gobe a duba ni."

Ta girgiza kai.

Ya fito baranda ya kai gwauro ya kai mari, ya leƙa Auta ta taga, ya kasa shiga. Sai ya koma tasha yana bin motoci ɗaya bayan ɗaya, yana neman mai ba da jini. Wani ya ce yana da lodi, wani ya ce ai ba da jini na tsotse ƙarfin namiji. 'Yan kaɗan suka biyo shi. Na farko jininsa bai dace ba. Na biyu aka ce shi kansa yana ɗauke da sikila, ya tsaya baki buɗe, ga aurensa ya matso. Kullum-Tsaye ya bar shi da nas, ya sake fita ƙirjinsa na dukan tara-tara.

A ƙofar asibiti ya ci karo da direban tankar ruwa, wanda ba sa ga maciji da juna tun wata rigima kan ajiye mota a gaban rumfa. Mutumin ya wuce shi yana kwance agogo.

"Kada ka gode mini," in ji shi. "Ɗan yayata da wannan ciwon ya tafi."

Jininsa ya dace. Auta ta tashi.

Kullum-Tsaye kuwa, hoton da aka yi masa a asibiti ya nuna zuciyarsa ta faɗaɗa. Aka ce abin na bin dangi, ya kawo 'ya'yansa a duba su, ya sha magani, ya rage gishiri, ya bar manyan tayoyi. Ya amsa da to. Kashegari aka gan shi yana kokawa da tayar tirela.

Da labari ya kai wa Auta, ta sa aka ɗauko keken ɗinkinta aka dasa a shagon da ke kallon rumfarsa. Yanzu da ya sunkuya kan babbar taya, sai ƙarar keke ta tsaya.

"Yaya."

Ya saki tayar yana gunaguni, ya ɗauki waya ya kira babban ɗansa, wanda har yanzu yake cewa aiki ya hana shi zuwa asibiti awon zuciya.