Yaya da Kwanon Tambayoyi

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini, kuma na ce kada a gyara mini baki.

Ɗana na fari, wanda duk gidan ke kira Yaya, har da ni da na haife shi, tun yana ƙarami Allah ya ba shi kai mai riƙe abu. Abin da ya ji sau biyu ya zauna ke nan. A makarantar Islamiyya shi ake tsayarwa ya biya wa sauran yara karatu. Da babansu ya rasu, Allah ya jiƙansa, sai ya ajiye maganar ƙarin karatu ya kama aiki a shagon fotokwafi da ke layin ofisoshi, don ƙannensa su ci gaba. Shekara da shekaru yana tsaye gaban injin nan yana buga wa masu neman aiki takardunsu. In injin ya cinye takarda, shi ke buɗe cikinsa ya zaro ta, ya dawo gida yatsu baƙi ƙirin. Tsayuwar ta fara taɓa masa baya, ga mata ga 'ya'ya, ga mai shagon kullum yana cewa zai sayar da wurin.

Abin da ya sa a ransa shi ne jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. An ce mini kashi biyu ce: Turanci, da kuma sanin duniya, wato ƙasashe da manyan biranensu, koguna, da shekarun da aka yi kaza da kaza. Ya zauna mata ba sau ɗaya ba. Kullum in ya dawo maganarsa ɗaya ce, wai ya san amsoshin, lokaci ne ya ƙare masa. Ni kuma in ce Allah bai kawo ba tukuna. To bara sai ya gaya mini akwai iyakar shekaru, in ya wuce ta ko fom ba za a ba shi ba. Wannan zaman shi ne na ƙarshe.

Karatu kam ya yi shi. Bayan sallar asuba zai shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar ɗakina, ya buɗe littafinsa, yana rangaji yana rera sunayen ƙasashe kamar mai tilawa. Kalmomin Turanci ma haka ya haddace su, daga farkon shafi zuwa ƙarshe, kowace da ma'anarta. Matarsa takan tsokane shi, wai saura kaɗan ya fara yi wa Turanci ƙalƙala.

Wata rana da la'asar ina tsince shinkafa, rediyo ya ambaci wata ƙasa da aka yi ambaliya. Na ce, Allah sarki, Yaya, mene ne sunan babban birnin mutanen nan? Sai na ga ya rufe ido, leɓensa na motsi, yana kaɗa kai. Na gama tsintar, na zubar da tsakuwar, kafin ya buɗe ido ya faɗa mini. Kuma daidai ya faɗa, matarsa ta duba.

Na san wannan ciwon, irin nawa ne. Ni in na sarƙe a tsakiyar sura ina salla, ba na iya ɗorawa daga inda na tsaya, sai na koma farko na gangaro. Na tambaye shi ko a ɗakin jarrabawar ma haka yake yi. Sai ya ce, "Inna, to ta ina zan bi in kai wurin in ban faro daga sama ba?"

Ashe duk tambayar da aka yi masa sai ya koma kan shafin ya karanto a zuci. Su kuwa masu jarrabawar a warwatse suke tambaya, ga agogo na tafiya.

Ni dai gane ciwon na yi, maganin matarsa ce ta kawo, don ita ta gama sakandare kuma ba ta da tsoro. Ta sa ya bugo littafin a shago, ta ɗauki almakashin ɗinkinta ta yanka shafukan siri-siri, kowace tambaya daban, ta zuba a babban kwanon silba ta cakuɗa. Yaya kamar zai yi kuka, wai ta yi wa ilimi yankan kuɓewa. Ta ce ai ni zan riƙa ɗebowa, tunda ita in ta ga rubutun tausayi zai sa ta zaɓa masa masu sauƙi, ni kuwa duk ɗaya ne a idona.

Haka muka koma yi. In na idar da lazimi sai a ajiye mini kwanon, in tsoma hannu in ɗago guda in nuna masa. Sau da yawa a juye nake riƙewa, sai ya ce, "Inna, kin kifar da ƙasar mutane." Dokar matarsa ita ce, in ya rufe ido to bai ci ba, a mayar da takardar cikin kwano. Da farko kwanon ba ya raguwa. Har fushi ya yi, ya ce mun wargaza masa abin da ya sha wahalar ginawa, yanzu ga shi ba tsohuwar haddar, ba sabuwar. Maganar ta tsaya mini a rai ƙwarai. Na riƙa tunanin in ya faɗi wannan karon, da hannuna a ciki. Na kai kukana wurin Allah, na ce in ba alheri ba ne abin da muke yi, ya karkatar da mu daga kansa.

A hankali sai amsa ta fara fitowa ido a buɗe. Na Turancin ma matarsa ta ce faɗar ma'ana ba ta isa ba, sai ya sa kalmar cikin magana. Ni ba na jin ko ɗaya, amma ina gane lokacin da muryarsa ta daina rerawa ta koma irin ta mai hira.

Ranar jarrabawar da ya dawo sai da ya ci abinci tukuna. Sannan ya ce ya kai tambayar ƙarshe, har ya koma ya duba wasu. Na ce alhamdulillahi, ko a nan aka tsaya.

Sakamakon ya daɗe, har mun daina zancen. Ran nan da hantsi ina alwalar walha sai ga shi ya shigo, lokacin da ba ya dawowa. Ya durƙusa gefena ya ce an ɗauke shi, ƙaramin akawu a ofishin ruwa, amma a wani gari mai nisa, kuma da iyalinsa zai tafi. Na ce ya bari in yi sallata tukuna. Da na sallame na sa masa albarka, na ce ya je ya sallami mai shagon da mutunci, kada ya bari ya ji a bakin wani.