Jar Dusa a Injin Suruki

Mai Magagari ake ce masa, sunan kuma ya bi shi har gida. Tun yana saurayi yake gyaran injin yanka itace a wata rumfar kwano da ke ƙarshen layin makanikai. Benci ɗaya, gwangwanin baƙin mai, sai magagaran wasa sarƙa jere a bango kamar haƙoran mataji. Idan ka kawo masa inji, kafin ya gama amsa gaisuwarka ya kwance murfin gefe, ya lakato dusar itacen da ta maƙale a gindin sarƙa, ya murza a yatsa, ya kai hanci.

In fara ce, sai ya ce ka zauna. In kuwa ja ce mai danƙo, to madobiya ce, kuma kowa ya san madobiya ta ƙare ko'ina sai a gandun dajin da aka hana sara. Daga can ake jido ta a ɓoye, a cusa a kwantena, ta haye teku. Irin wannan inji ba ya gyara shi. Ɗauka yake ya ɗora kan wani tsohon tebur a ƙofar rumfa, inda duk mai wucewa zai gani, har mai shi ya zo ya kwashi kayansa.

Teburin ya samo asali ne a shekarar da ruwa ya gangaro daga tudun da aka aske ƙwal, ya cinye gonar mahaifinsa, ya bar kwazazzabo. 'Yan ƙungiyar kare daji suka kira taro a layin. Mutanen kirki ne, suna shiga rediyo, suna tsayawa a rana a ƙofar ma'aikata da kwalaye. Da aka ce ya tofa albarkacin bakinsa, cewa ya yi, “Sarƙa dai ba ta wasa kanta.” Washegari ya fito da tebur. Sauran masu gyara suka yi ta dariya, daga baya suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba rumfar da ba ta da nata. Masu satar itace suka rasa mai wasa musu sarƙa a kusa.

Wata safiya sai ga Dogo, mijin autarsa, da injin ubangidansa a kafaɗa. Ya durƙusa ya gaishe shi. Mai Magagari ya kwance murfi, ya murza, yatsansa ya yi ja.

Mai walda na rumfar kusa ya ɗage tabarau. “Jama'a, ku matso! Yau za mu ga ko tebur ya san suruki.”

Dogo ya yi ƙasa da murya. “Baba, a rufa min asiri. Ni ɗan aike ne, inda aka nuna nake yanka. A shiga da shi ciki.”

“Rumfata ba ta da ciki,” in ji tsohon.

Ya san idanun layin duka suna kansa. Ya kuma san Auta da 'ya'yanta daga bakin wannan injin suke ci. Ya ɗauka, ya fita, ya dire shi kan tebur. Dogo ya miƙe ya tafi, ko sallama babu.

Auta ta ɗauke ƙafa daga gidan. Uwarta kuwa ta hana shi sakat.

“Ka tozarta mijin 'yarka a bainar jama'a saboda icce. Iccen ne zai kawo maka jikoki gaisuwa?”

“Da na shigar da nasa, gobe kowa a layin yana da suruki.”

“To ka je ka ba shi haƙuri.”

Bai je ba. Haƙurin baki ba ya cika tukunya. Katako ya samo ya ƙara wa bencinsa tsawo, ya sayi sabon magagari, ya naɗe a tsumma, ya aika gidan Auta ba tare da ko kalma ba.

Da kanta ta zo rumfar, fuska a murtuke, ta ajiye masa a gaba. “Baba, wannan fa? A miya zan saka?”

“Ba naki ba ne. Hannuna ya fara rawa, aiki kuma ya fi ƙarfina. In yana so, ga wuri. In ba ya so, ki mayar min da tsummana.”

Ta daɗe tana kallon sabon katakon, sannan ta ɗauki magagarin ta tafi da shi, har da tsumman.

Dogo ya zo bayan an kwana biyu. Ya ɓata sarƙoƙi, ya sha faɗa, ya yanke yatsa, hannunsa ya faɗa a hankali.

Ran nan tsohon ubangidan Dogo ya shigo da inji, yana washe baki don ya ga ɗan gida a kan benci. Dogo ya kwance murfi, ya murza, ya kai hanci. Ya saci kallon surukinsa. Mai Magagari bai ɗago ba, wasa sarƙarsa kawai yake yi.

Dogo ya goge yatsa a wando, ya rungumi injin, ya nufi teburin ƙofa.

“Na ga ta kaina!” in ji mai walda. “Tsoho ɗaya ya ishe mu, yanzu sun zama biyu.”