Gaisuwar da Ban Tsaya Na Ji Ƙarshenta Ba

Tun ranar da jikata ta shiga mota za ta bautar ƙasa, aka ce Gabas aka tura ta, na kasa zama wuri ɗaya. In share tsakar gida, in dawo in sake sharewa. Ɗana ya ce, "Mama, sai kin share ƙasar ta ƙare?" Na ce ya ƙyale ni, tsintsiyar ba tasa ba ce. Jiya kuma sai ga tsohon shugaban nan a talabijin, wanda ya riƙe ƙasar lokacin yaƙin basasa da bayansa, ya tsufa tukuf, yana yi wa ƙasa addu'a. Shi ya kawo bautar ƙasar nan, wai don yara su san juna. Na tsaya da tsintsiya a hannu ina kallonsa, na rasa ko godiya zan yi masa ko tsiya.

Hotonsa ya daɗe a falonmu, saurayi cikin kakin soja, an rataye shi saman rediyo. Baba malamin firamare ne, dattijo kuma a coci, yana ji da mutumin nan kamar shi ya haife shi, don shugaban a nan ƙasar Zazzau ya yi ƙuruciya.

Kafin yaƙin a Sabon Gari muke, wajen Muchia, katanga ɗaya da wasu mutanen Gabas. Matar gidan tana gasa burodi, duk unguwa Mama ake ce mata. 'Yarta sa'ata ce, tare muke waƙa a coci, tare ake dukanmu. A shekarar da abin ya faru mun yanki atamfa iri ɗaya, shuɗiya mai zanen tsuntsaye, muka kai wa tela tun da wuri don ankon Kirsimeti. Bai gama ɗinkin ba gari ya rikice. Abin da aka yi wa mutanensu na gani da idona, kuma har yau bakina ba ya iya faɗa. Suka gudu tashar jirgin ƙasa da kayan jikinsu, ko sallama ba mu yi ba. Daga baya na je na karɓo rigunan biyu. Ban sa tawa ba. Da aka mayar da Baba aiki Samaru, a ƙasan akwatina suka bi mu.

Kusan shekara huɗu ba wasiƙa, ba labari. Ranar da aka ce yaƙi ya ƙare, shugaban ya yi magana a rediyo, ya nemi a yafe wa juna, kowa ya koma inda ya bari. Baba ya yi ta share ido da bakin riga. Ni cikin duk jawabin maganar komawa kaɗai na ji.

Lokacin na fara koyarwa. Da an tashi makaranta sai in hau bas zuwa Sabon Gari, in tsaya a tasha ina leƙa fuskar duk macen da ta sauko. Suna saukowa ramammu, ɗauke da ƙullin kaya, ba mai ɗaga kai. Mahaifiyata ta gaji, ta ce, "Ke, da jirgin nan za a ɗaura miki aure ne?" Na yi wata da watanni a haka, takalmina ya cinye, ban ga kowa ba.

Wata Asabar na shiga kasuwa sayen zare, ba neman kowa nake ba, sai na ga wata mata tana tuyar ƙosai a gefen wani shago. Daga yadda take riƙe da matsami na gane ta. Mama ce, ta koma rabinta. Na durƙusa.

"Mama, ina wuni?"

Ta dube ni, ta daɗe tana duba. "'Yata, ke ce? Lafiya lau."

"Ina gajiya? An dawo lafiya?"

"Lafiya lau."

"Yaya mai gida? Yaya yara?"

"Lafiya lau," in ji ta.

Ban ƙara jin komai ba. Na miƙe, na ce ina zuwa, na ruga.

Ni fa haifaffiyar Zazzau ce. Tun ina goye na san ko gawa ce kwance a ɗaki, in an gaishe ka lafiya za ka ce. Sai an gama jera gaisuwa, an zauna, an yi shiru kaɗan, sannan mai gida ya ce "sai dai", ya faɗi abin da ke akwai. Wannan ko ɗan yaye ya sani. Amma ni ranar na ɗauki lafiyar gaisuwa na mayar da ita labari, saboda ita nake son ji.

Bas ɗin Samaru ya tsaya a Kwangila yana jiran fasinja, kamar in sauka in tura shi. Na faɗa gida ina haki, na ce sun dawo, duk suna lafiya. Baba ya ɗaga kai ya dubi hoton, ya sa masa albarka. Mahaifiyata ce kawai ta ce, "Kin dai zauna kun gama gaisawa?" Ni kuwa ina can ina zazzage akwati ina neman rigar ƙawata.

Na samu Mama inda na bar ta. Na miƙa mata rigar, na ce a kai wa ƙawata, ko ma a nuna mini gidan in kai da kaina. Ta goge hannu a zaninta, ta warware rigar, ta riƙe ta ta kafaɗu. Har warin akwati take yi.

"Zauna, 'yata." Ta turo mini kujera 'yar tsuguno. "Ku kuka koya mini gaisuwar nan. Na ce lafiya, ina jira ki zauna, sai bayanki na gani."

Na zauna.

"Sai dai ƙawarki ba ta nan. Damina ta biyu da fara yaƙi ta tafi. Yunwa ce. In an samu ɗan abinci ƙannenta take tura wa, ta ce ta ƙoshi." Ta ninke rigar ta ɗora a cinya. "Juya mini ƙosan nan kar ya ƙone."

Na juya ƙosai ina kuka, ita ba ta yi ba. Da yamma na koma Samaru na warware wa Baba maganar da na faɗa da rana, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Bai sauke hoton ba. Ko da aka kifar da gwamnatin mutumin yana wata ƙasa wajen taro, Baba ɗaki kawai ya mayar da shi. Ni ma ban tsane shi ba. Ba don maganarsa ba, da Mama ba ta dawo ta sake kafa tandar burodinta a Sabon Gari ba, har ta tsufa muna zumunci. Amma ina jin haushinsa, ina jin haushinmu duka. Ya ce an zauna lafiya, muka miƙe kowa ya kama gabansa, ba wanda ya jawo kujera ya ji sauran maganar. Na fi kowa saurin miƙewa, shi ya sa haushin ba ya barina.

Ɗazu jikata ta kira. Na ce, "Yaya baƙunta? Yaya mutanen garin?"

"Lafiya lau, Kaka."

Na jingine tsintsiyar, na nemi bakin gado na zauna, waya a kunne.

"Kaka? Kina jina kuwa?"

"Ina jinki," na ce. "Na zauna. Ci gaba."