Yadda Aka Warkar da Fedar Bitrus

Ranaku da yawa sun wuce ni a wannan sana'a ta jan waya da ɗaukar lasifika, amma wadda ta ƙi barin raina ita ce ranar da Manaja ya yi wa Bitrus alheri. Ku da kuka shigo aikin kwanan nan ku gyara zama, don akwai irin alherin da gara a mare ka da a yi maka shi.

Lokacin ina injiniyan sauti a wata ƙungiyar kiɗa a nan Bauchi, shekarun da faifan sidi ya fara korar kaset daga kasuwa. Kada kalmar injiniya ta ruɗe ku, ban taɓa leƙa jami'a ba. Duk wanda ya zauna bayan na'ura yana murɗa sauti, injiniya ake ce masa. Tsarinmu kuwa haka yake: a sama akwai Manaja, Alhaji Garba, shi ne mai kayan, shi ke karɓo aiki, makullin sito ma a aljihunsa yake kwana. Ƙasa da shi shugaban makaɗa, sai makaɗan, sai ni, sai masu ɗaukar kaya. Alhaji tsohon mai sayar da rediyo da fanka ne, ko gwangwani bai taɓa kaɗawa ba, amma ya yarda da kunnensa fiye da kima. A wurinsa in sauti ya fita tas, kaya lafiya lau. In ya ji 'yar ƙara komai ƙanƙantarta, to wani na shirin jawo masa asara.

Bitrus shi ne mai jitarmu. Ɗan tsohon soja ne, a barikin Shadawanka ya tashi, a coci ya koyi kiɗa. Magidanci ne har da 'ya'ya, amma tarbiyyar bariki ba ta sake shi ba: babba ya yi magana, ka ce to, ko da ya ce maka yau Juma'a alhali kana dawowa daga coci. Burinsa ɗaya ne a duniya, wani sauti da yake ji a faifan Turawa, wanda jitarsa ta ƙi ba shi.

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Feda ɗan akwatin ƙarfe ne da bai fi tafin hannu ba, ana ajiye ta a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai kiɗa ya taka ta da ƙafa in yana son sautinsa ya sauya. Irin wadda Bitrus ke nema ana ce mata obadiraib. Aikinta ta ɗan ƙona sautin jita da gangan, ta sa masa dishi-dishi da kauri, ya daɗe yana kuka kafin ya mutu. Wato dai abin da nake shan zagi a kai in lasifika ta yi shi kyauta, shi Turawa suka zuba a akwati suna sayarwa. Akwai masu araha a shagunan kayan kiɗa, ka taka su ka ji kamar an tayar da injin markaɗe. Bitrus ya ce shi ba waɗannan ba. Akwai wadda wani mutum yake haɗawa da hannunsa can ƙasar waje, sai ka bi layi ma kafin ka samu. Ya sayar da babur ɗinsa, ya ba wani ɗan kasuwa mutumin Kudu sautu, ya koma zuwa aiki a bayan acaɓa. Damina ta zo ta wuce kafin abar ta iso.

Ranar da ya kawo ta wurin gwaji, a naɗe cikin tawul kamar jaririya, na leƙa na ce, "Bitrus, babur ɗin ke nan?"

Ya ce, "Oga Injiniya, ka ji shi tukuna."

Na shirya dariyata tsaf, amma ban samu damar yin ta ba. Ya jona ta, ya taka. In ya shafi wayar jita a hankali, sautin ya fito fes. In ya ɗan danna, sai ya yi wani gurnani mai ɗumi, irin muryar dattijon mawaƙi da ya wuni yana waƙa. Duk hayaniyar ganga da fiyano, jitar ta ratso ta tsakiya ba tare da na ƙara mata ko ɗigo ba. Tsigar jikina ta tashi, kuma na ji haushin hakan, don na so a ce wauta ya yi. Har yau ban ce ta kai babur ba, amma na gane abin da ya sa mutum zai yi wannan haukan.

Muna cikin haka Manaja ya faɗo a guje, riga na bin iska.

"Wace lasifika ce ta fashe?"

Na ce, "Babu ko ɗaya, Alhaji. Fedar Bitrus ce."

Ya sunkuya ya dube ta, ya sa aka sake takawa, ya yamutsa fuska. Da ya ji abin da aka sayar kafin a saye ta, sai ya dafe kai.

"Innalillahi! Babur sukutum, aka haɗa ka da mai tari? An cuce ka, Bitrus."

Bitrus ya ce, "To, Alhaji."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai haka ake son ta. Tarin ake saye."

Alhaji ya dube ni da tausayi, ya dafa kafaɗata ya rage murya. "Na gane, Injiniya. Kana rufa wa abokinka asiri don kada ya ji kunya. Allah ya yi maka albarka." Daga nan duk bayanin da na ƙara, sai ya ƙara ganin kirkina. Da na ga ina ta tara lada a banza, sai na koma bayan na'urata.

Ba a jima ba wani mai situdiyo daga Jos ya ji Bitrus a wurin wani biki, ya biyo shi har bayan dandali. Ya ce sautin nan ya daɗe yana nema, zai dawo da abokin kasuwancinsa ya ji da kunnensa, in shi ma ya yarda za su ɗauki Bitrus ya riƙa kaɗa musu a faifai. Ku san abin da wannan ke nufi ga mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a filin biki, maroƙi na fizge makirfo a tsakiyar kiɗansa don ya sanar da isowar wani ɗan kwangila. Aka tsayar da magana a kan aikinmu na gaba, liyafar bankwana ta wani babban ma'aikaci da ya yi ritaya, ranar wata Asabar bayan la'asar.

Muna da doka: in babban aiki ya matso, duk kayan kiɗa a sito suke kwana tun ana saura kwanaki, don kada wani ya zo a ranar yana cewa an sace ko an ara. Bitrus bai taɓa barin fedarsa ta kwana a waje ba, amma Manaja ya nuna ta da baki ya ce, "Har da mai tarin." Kun riga kun san amsar da aka ba shi.

Ranar Asabar bayan azahar muna zauren otal muna jera kaya, Bitrus ya zazzage akwatin wayoyi bai ga feda ba. Kafin hankalinsa ya gama tashi sai ga Manaja cikin babbar riga, fuska sai walƙiya take. Ya tafa hannu ya tara kowa, har masu jera kujeru, don shi Alhaji a ɓoye yake shirya alheri, amma a gaban shaidu yake miƙa shi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da fedar.

"Na ji baƙi za su zo daga Jos su saurare ka. Na ce ba za a kunyata ɗanmu a gabansu ba. Na kai ta wurin Malam Iliya mai gyaran rediyo, bayan Kasuwar Muda Lawal. Daga aljihuna na biya, kada ka ce komai."

Kada wani ya raina Malam Iliya. Rediyon da aka riga aka yi wa sallar gawa, in ya shiga hannunsa sai ya tashi ya karanta labarai. Daga baya na je ya ba ni labarin aikin da bakinsa, yana alfahari. Da ya buɗe fedar, ya tarar an lulluɓe kayan cikinta da wani baƙin danƙo kamar kwalta. Mai haɗa ta ya zuba shi ne don kada a kwaikwayi aikinsa, amma Malam Iliya nan take ya gane mai ha'inci ne ke ɓoye ɓarnarsa. Ya wuni da wuƙa da ƙarfen dalma yana kankarewa, ya bi sautin sawu-sawu har ya kamo inda yake ƙonewa: wasu 'yan ƙwayoyin gilashi guda biyu, kowace kamar ƙwayar shinkafa. Ya sa filaya ya datse su. Kuma kamar yadda kowane mai gyara na gari ke yi, ya ƙulle abin da ya cire a leda ya ba mai kaya, don a shaida ya yi aiki.

Manaja ya ɗaga ledar sama kowa ya gani. "Ga cutar nan. 'Yan mitsi-mitsin abubuwan nan ne suka so su ci maka babur. Gwada mu ji."

Bitrus ya jona waya. Ya taka. Sauti ya fito tas, fari fat, ba dishi ba gurnani, ƙarfi kawai ya ɗan ƙaru. Feda ta samu lafiya sarai. Masu jera kujeru suka yi tafi.

Duk muka zuba wa Bitrus ido. Wallahi na so ya yi ihu, ya jefar da jita, ya faɗi ko baƙar magana ɗaya a rayuwarsa. Sai ya cire jitar daga wuya, ya rusuna, ya karɓi ledar da hannu biyu.

"Na gode, Alhaji. Allah ya ƙara arziki."

"Ba komai, ai ɗa na kowa ne a wurina," in ji Alhaji, ya wuce duba abinci.

Na ja Bitrus bayan dandali, na kunna ƙarfen dalmata ko za a mayar da ƙwayoyin. Ina! An datse ƙafafunsu daga tushe, ɗaya ma filaya ta tsaga gilashinta. Ban taɓa jin tausayi da takaici sun haɗu mini wuri ɗaya kamar lokacin ba. Shi kuwa sai ya ce in bari, lokaci ya yi, mu je mu yi aikin mutane.

Mutanen Jos suka zo, suka zauna a gaba. Bitrus ya yi kiɗa iya ƙarfinsa, bai yi kuskure ko ɗaya ba. Da aka tafi hutun cin abinci suka kira shi, ina tsaye ina naɗe waya. Abokin kasuwancin ya ce, "Hannu akwai, gaskiya. Amma irin wannan sautin muna da shi a Jos har ya yi mana yawa." Mai situdiyon, wanda kunya ta kama don shi ya jawo mutum wannan doguwar hanya, ya ce, "Bitrus, ina wancan sautin na rannan?"

Bitrus bai kai ga buɗe baki ba, Manaja ya ratso da farantin shinkafa a hannu. "Ai mun gyara!"

Suka dubi juna, suka ce za su kama hanya kafin magariba, za a ji daga gare su. Har yau ana kan ji. Malam Iliya, da labari ya kai masa, ya ciro wasu ƙwayoyin daga tsohuwar talabijin ya maƙala kyauta, feda ta koma injin markaɗe irin na shago. Shi kuwa Alhaji har ya bar duniya yana ba da labarin yadda ya ceci Bitrus daga hannun macuta, kuma babu wanda ya iya gyara masa, don da zuciya ɗaya ya yi, Allah ya ji ƙansa.

Abin da na koya ranar shi nake gaya muku. A sana'ar nan ba kowace ƙara ce cuta ba, kafin ka gyara kayan mutum ka tambaye shi ko ya ce maka sun lalace. Kuma kunnen mai makulli ya fi na mai kiɗa ƙarfi, saboda haka in babba ya yi kuskure a kan abin da ka sani, ka rusuna, ka yi masa duk ladabin duniya, amma ka ce masa a'a da babbar murya har sai ya ji.

Bitrus ya ci gaba da bin bukukuwa tare da mu shekara da shekaru. Ledar nan ya ɗaure ta a kan jitarsa, in ta tsufa ya sake wata. Mutane suka ɗauka laya ce, har ana cewa ita ke ba shi zaƙin hannu. Wata rana a wurin biki wani baƙo ya matsa masa da tambaya, wai wane malami ya ba shi, me ke ciki. Bitrus ya ci gaba da ɗaure wayar jitarsa, bai ko ɗaga kai ba.

Ya ce, "Babur ɗina ne."