Rigar da ba a zama da ita

A shekarata ta farko a Dubai, abin da na fi sani a garin shi ne tagar kicin ɗinmu a Abu Hail. Tana kallon bayan wani gini, inda injinan esi ke ɗigar da ruwa, da igiyar shanyar wasu mutane da ban taɓa ganin fuskarsu ba. Maigidana yana aiki a wani kamfanin kago a Al Ras, wurin da 'yan kasuwar Kano ke kai kayansu a ɗaure a aika gida. Yana fita da sassafe, ya dawo da waya a kunne. Ko abinci yake ci, akwai wani Alhaji da ke son jin inda kwantenarsa ta kwana. Ba mugu ba ne, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma in na yi kwalliya na tare shi a ƙofa, sannu da aiki yake ce mini, kamar wadda ta share gida.

Ni kuwa da littattafan soyayya na girma, irin waɗanda muke haya a shagon bakin layinmu mu ɓoye a cikin littafin makaranta. A kusan kowanne akwai wurin da nake komawa in sake karantawa. Yarinya za ta sauko daga bene cikin doguwar riga, namiji yana ƙasa yana magana da wani, ya ɗago kai, maganar ta tsaya masa a baki. Abin da nake nema a wurin maigidana ke nan. Sau ɗaya ma ya ishe ni.

Da sanyi ya shigo, ogansa ya ba shi kujeru biyu a wani katafaren jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, wanda ke tashi daga tashar Dubai ya zaga wasu garuruwan bakin teku ya dawo. Ogan ne ya yi niyyar zuwa, wani uzuri ya taso masa. Maigidana ya karanto mini ƙa'idojin jirgin daga wayarsa yana hamma. A yammacin ƙarshe akwai babbar liyafa, kuma ba a shiga ɗakin cin abincin da kayan zaman gida. Ba wandon jins, ba silifas, ba kayan wanka. Mata su sa doguwar rigar fita ko wata shiga ta alfarma. Ya ƙara da cewa an rubuta kayan gargajiya ma sun yi, don haka in ɗauki leshina ko ɗaya daga atamfofin akwatina, halas.

Na ce to. Amma ko kwanukan ban wanke ba na kira yayata a Kano.

Yaya tana jin liyafa ce a jirgi ta ce in bar mata komai. Ta ce ba za a ga ƙanwarta a cikin Larabawa da Turawa da atamfa kamar mai zuwa barkar haihuwa ba. Ta kai awona wurin telan da ke yi wa amare ɗinkin dina, ta aiko rigar ta hannun wata Hajiya da ta zo sarin kaya. Ruwan zuma ce, an watsa mata duwatsu daga ƙirji har gwiwa. A cikin jikinta an jera ƙarafa sirara masu kama ƙugu, bayanta igiya ce ake zargawa a ja, ta matse har gwiwa, daga nan ta buɗe ta bar jela tana jan ƙasa. Na gwada ta ni kaɗai da rana. Ba mai ja mini igiyar, sai na riƙe bayan da hannu ɗaya na juya a gaban madubi. Na daɗe a tsaye ina kallon kaina. Ban zauna ba, bai ma zo mini a rai in zauna ba.

Ɗakinmu a jirgin yana can ciki, ba taga. Gado ne, da madubi, da wata 'yar hanya da mutum ɗaya ke bi a karkace. Da muka yi nisa da gaɓa wayarsa ta yi shiru, na ji daɗi. Sai dai gajiyar da ya tara ta samu wurin sauka. Ya yi barci kamar an biya shi. Ya tashi ya yi salla, ya ci abinci, ya koma. Ni kuma ban saba yawo ni kaɗai ba, sai in zauna a bakin gado ina jin gurnanin inji a ƙarƙashin ƙafata. Ban damu sosai ba. Rigar tana rataye a bayan ƙofa cikin ledarta, na san ranata tana zuwa.

Ranar liyafar, tun bayan la'asar na fara shiri. Na yi alwala kafin kwalliya, na kafa ɗauri, na zura rigar. A gida, amarya ba ta sa irin wannan ita kaɗai. Ƙawaye ne ke kewaye da ita, wata ta ja igiya, wata ta danna, wata tana yi mata fifita, suna tsokanarta. A nan ba ni da kowa sai shi. Na so ya jira ni a waje ya gan ni a gama, amma dole na kira shi ya ja mini. Ya tsaya a bayana yana nazarin igiyar kamar an kawo masa dila. Ya ja, na ce ƙara. Ya sake ja.

“Hajiya, wannan fa ba kaya ba ne, mutum ce a ciki,” in ji shi.

Na ce ya ƙara dai, haka ake yi. Ya ƙara, ya ƙulle. Ya ce in yafa mayafi a kai, don rigar ta kama ni da yawa. Na yafa.

Akwai bene a gaban ɗakin cin abincin, mai faɗi, fitilu na zuba a kansa, daidai yadda na zana shi a raina. Na so in ce ya sauka ya jira ni a ƙasa. Taku biyu na yi na gane ba zai yiwu ba. Gwiwoyina a haɗe suke, jelar kuma tana shiga ƙarƙashin takalmina. Sai ya sunkuya ya tattare ta a hannu ya biyo ni a baya, yana cewa in bi a hankali, shwayya shwayya. Haka na sauko benen. Mutane da yawa sun ɗago sun kalle ni. Shi yana bayana, idonsa a kan dunduniyata.

A ƙofa an mayar da wani mutum mai gajeren wando. Ni kuwa ma'aikacin ya rusuna mini har da ɗora hannu a ƙirji. Da na shiga na ga matan Larabawa cikin abayoyinsu masu laushi suna tafiya a sake, matan Indiya da nasu naɗin, tsofaffin Turawa da riguna masu walwala. Duk an bar su sun shiga. Leshina ma da ya shiga.

Teburinmu na tarayya ne. Akwai wata tsohuwar Baturiya da mijinta, da wani ɗan kasuwa Ba'indiye da matarsa. Kujerun masu hannu ne, ƙanana. A wurin biki, doguwar kujera ake ajiye wa amarya, ta ɗosana a bakinta a karkace, a yi hoto, ta miƙe. Kuma ba ta cin komai, sai an koma gida. Sai da na lanƙwasa zan zauna na tuna da wannan. Ƙarafan suka taso suka soke ni a ƙarƙashin haƙarƙari. Na ɗosana a bakin kujerar, bayana a miƙe, ƙafafuna a gefe guda, ina jan numfashi kaɗan-kaɗan ta sama.

Baturiyar ta ce na yi kama da sarauniya. Na yi murmushi, don amsa tana buƙatar iska. Aka kawo miya a ɗan kwano, na kai cokali biyu na ajiye. Aka ɗauke, aka kawo ganye. Aka ɗauke, aka kawo wani abu na kifi. Abincin ba ya zuwa gaba ɗaya, bi da bi ne, kuma tsakanin kowanne akwai jira. Maigidana ya juyo sau ɗaya ya ce in ci mana. Da ya ga ba na magana, ya ɗauka kunya ce, sai ya juya wurin Ba'indiyen. Ashe shi ma kaya yake fitarwa. Suka shiga hirar tasha da jinkirin jirage, maigidana yana dariya yana buga tebur da yatsa. Ban taɓa ganin fuskarsa a sake haka ba. Ta gefe nake ganinta.

Ta tagar ɗakin cin abincin na ga rana ta faɗa ruwa. Ya duba agogo ya ce mu matafiya ne, ma haɗa magariba da isha. Na gyaɗa kai. A raina ina tunanin ko an ce in yi yanzu, da wace rigar zan yi ruku'u. Yatsun ƙafata suka fara mutuwa. Fitilun suka fara yi mini biyu-biyu. Na daure har aka fara raba nama, sannan na taɓa hannun rigarsa na ce ba na iya numfashi. Ya tambaya ko jirin teku ne. Na ce rigar ce.

Muka fita ta tsakiyar tebura, yana riƙe da jela. Wata mata ta ɗaga waya ta ɗauke ni hoto.

A ɗaki na dafa bango na ba shi baya. Ya kama ƙullin, ya ja, bai motsa ba. Irin ɗaurin wurin aikinsu ya yi mini, wanda ake yi don kada dila ta kwance a hanya, kuma zaman da na yi ya ƙara tamke shi. Ya sa farce. Ya durƙusa ya sa haƙori. Ina jin numfashinsa a bayana, yana ta cewa in yi haƙuri, saura kaɗan. Tun da muka yi aure bai taɓa daɗewa a kaina haka ba, hankalinsa duka a wuri ɗaya. Ni kuma fuskata tana bango.

Wataƙila don ba na ganin idonsa ne bakina ya buɗe. Na ce tun daga Kano aka kawo rigar nan saboda shi, kuma bai ce komai ba. Na ce ina wuni a gidan nan ba wanda ke ganina, in ya dawo ma haka. Maganar tana fita guntu-guntu, don ba iskar da za ta ɗauke ta. Na ji ya miƙe, ya buɗe jaka yana lalube. Ya dawo da abin yankan farce ya dinga datse igiyar zare-zare har ta tsinke.

Rigar ta saki. Iska ta shige ni da zafi har na yi tari. Na tsaya dafe da bangon ina jiran ya yi magana, sai na ji yatsansa a bayana, yana bin sawun da ƙarafan suka bari, layi-layi, wani wurin har ya fashe.

“Haka kika zauna tun ɗazu?”

Na ce e.

“Kina murmushi.”

Na ce e.

Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba. Sannan ya jawo mayafin ya rufa mini a kafaɗa, ya zauna a bakin gado da guntun igiyar a hannunsa yana juya shi. Ya ce shi fa bai iya irin maganganun nan ba. Na ce na sani. Wurin ba ya ɗaukar mutum biyu a tsaye, rigar kuma ta zame ƙasa ta cika 'yar hanyar, don haka na tsallake ta na zauna kusa da shi.