Ƙwaryar Furar Gidan Baffa

Abubuwa da yawa sun shuɗe mini a rai, har da waɗanda na so in riƙe, amma yawon da muka yi a jirgin ruwa a kan Kogin Binuwai yana nan daram, kuma ba na jin zan manta da shi har in koma ga Allah.

Lokacin an fara samun sauƙin rikicin da ya cika gidajenmu na Jimeta da 'yan gudun hijira. Mun gaji da shingen bincike, mun gaji da waiwaye a kasuwa. Sai abokan aikina suka ce mu yi shatar jirgi mai inji tunda kogi ya cika, mu yini muna yada zango a garuruwan bakin ruwa, mu sha iska. Kowa zai zo da mutum ɗaya. Na so in ɗauki matata, sai Goggo, yayar mahaifina da ta rene ni, ta ce ita za ta. Wai dorina take son gani. Matar da ko rijiya ba ta leƙawa.

Na san abin da ke ranta. Cikin garuruwan har da mahaifarta, inda ƙaninta, Baffana, yake zaune. Shekara goma sha ɗaya ba su yi magana ba. Ranar da mahaifiyarsu ta rasu, Baffa ya sa an yi jana'iza Goggo tana hanya, ta iso ta tarar an dawo daga maƙabarta. A ranar ta ce ko ruwa ba za ta ƙara sha a gidansa ba. Shekarun rikicin nan, da mutum zai fita cefane a dawo da gawarsa, sun sa jikinta ya yi sanyi. Amma kunyarta ta Fulani ba za ta bari ta buɗe baki ta ce ta sauko ba.

Tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Iska mai sanyi, gonakin shinkafa kore shar, ga gasasshen kifin da aka fito da shi daga ruwa a gabanmu. Haushin kawai shi ne mai jirgin. Tun daga gadar Jimeta ya kafa mana doka: "Oga, kowane gari minti arba'in ne. Wanda usur na uku ya same shi a waje, ya nemi acaɓa." Kafin ka ciro takalminka daga laka, ka gama da masu tallan da suka gan mu da hular rana suka ɗauka Turawa ne, an busa. Gari biyu muka tsaya, ban ga komai ba sai bakin ruwa da agogona.

A gari na uku Goggo ta riga kowa sauka. Ta miƙi hanya, na bi ta. Duk tsohuwar da muka gamu da ita sai an tsaya an gaisa, an tambayi gida, an tambayi ruwan bana. Da muka isa ƙofar Baffa, rabin lokacin ya tafi.

Yana zaune yana gyaran taru. Da ya ɗago ya gan ta, sai tarun ya zame daga hannunsa.

"Adda, jaɓɓama," ya yi wa yayarsa maraba da Fulatanci, ya shimfiɗa tabarma.

Suka shiga gaisuwa, shi yana kallon ƙasa, ita tana kallon zana. Yaya damina, yaya shanu, yaya ciwon ƙafa. Ba wanda ya taɓo abin da ya raba su. Daga ciki na ji matarsa ta fara dama fura, a hankali, kamar wadda ba ta da wani aiki a duniya. Sai ga usur na farko.

A nan na yi wautar da har yau nake jin kunyarta. Tsabar tunanin jirgi ya sa na manta da maganar da Goggo ta yi shekarun baya. Na ɗaga murya na ce, "A bar furar nan, Baffa, sauri muke yi. Mun ƙoshi."

Fuskar Baffa ta canza. Ya ɗauka saƙon Goggo na isar. Ludayin ma ya yi shiru a ciki.

Goggo ba ta ko dube ni ba. "Kai ka ƙoshi," ta ce. "Ni ƙishi nake ji."

Aka ci gaba da damu. An busa na biyu kafin ƙwaryar ta iso. Goggo ta yi bisimilla, ta sha ludayi uku a natse, ta miƙa wa ƙaninta ludayin. Ya karɓa ya sha. Iyakar abin da ya faru ke nan, ba wanda ya ce a yafe masa.

Usur na uku a hanya ya same mu. Baffa ne ya riƙe mata takalma har bakin ruwa, ya shiga laka zuwa gwiwa ya kama jirgin da hannu har ta hau, mai jirgi yana ta mita. Dorina dai ba mu gani ba, ita ma ba ta sake tambaya ba.

Da rani Baffa ya rasu. Aka kira mu da safe, muka kama hanyar mota ni da Goggo, ina fargabar kada abin da ya faru a baya ya maimaita kansa. Muka tarar da mutane zaune a ƙofar gida, an yi masa wanka an yi sutura. Matarsa ta ce ya bar wasiyya kada a ɗaga shi sai Adda ta iso.

Tun daga ranar na daina katse gaisuwar manya don ina sauri. Na gane akwai mutanen da ba da baki suke neman gafara ba, kuma saura ƙiris in mayar da ƙwaryar nan ciki saboda usur ɗin mai jirgi.