Igiyar Ƙasa ta Audu Magini

Watan jiya, ina zaune a dakalin masallacin Kiyako ina jiran rana ta karkata, sai na ji jaki ya tsaya a gabana. Wani falke ne daga Gwaram. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Malam Ladan, sai haƙuri. Audu Magini ya rasu jiya. Zazzaɓi ya kama shi a wurin aiki, can aka yi masa sutura." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Audu taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu yi wa juna tsiya ba. Shi ya gina masallacin nan bayan mahara sun ƙone na zana. Ya ɗaga ginshiƙai masu kauri da tubali, ya ɗaura bakan gizo da azarar giginya har rufin ya tashi tulluwa a tsakiya. Ya bar ƙananan tagogi can sama don haske ya sauko kan sahu, zafi ya tsaya a waje. In an yaba masa sai ya ce, "Ku bari damina ta wuce tukuna, sannan ku yaba."

Da idona ya soma mutuwa, dattawa suka fara ƙus-ƙus. Matakalar da nake hawa soro in yi kiran salla ba ta da abin riƙewa, kuma ran nan na zame na kurje ƙafa. Liman ya kira ni ya ce, "Ladan Haruna, ko za ka huta haka nan? Tsoro muke kada ka faɗo." Kiran nan a wurin mahaifina na gaje shi. In an karɓe, me ya rage mini? Wallahi ranar na yi kuka, da furfurata.

Audu ya roƙi Liman a dakata har a yi yaɓen shekara, wanda gari ke fitowa yi kafin ruwa ya sauka. Da aka gama, ya murza ƙasa kamar igiya mai kauri, ya manna ta a bango tun daga bakin ƙofa, ta bi matakala har saman soro, ya goge ta da makuba ta yi sumul. Mutane suka ɗauka ado ne. Shi kuwa ya fizgi hannuna ya ɗora a kai, ya ce, "Kai makaho, ga ɗan jagoranka. Ba ya cin tuwo, ba ya guduwa wasa." Na ce, "In na faɗo, kai zan faɗo wa, mugu!" Na hau, na yi kira. Liman bai sake tayar da maganar ba.

Duk shekara sabon yaɓe yakan shafe igiyar, duk shekara Audu yakan sake ta. Bana ga hadari ya fara haɗuwa, ga shi ba Audu. Na sallama cewa kirana ya ƙare.

Shekaranjiya ɗansa Sule, wanda ya gaji ginin, ya kama hannuna ya ce, "Baba, taɓa nan." Na ji sabuwar igiya, da sauran danshinta, daidai tafin hannuna. Na ce, "Wa ya nuna maka inda za ka sa ta?" Ya ce, "Shi, kafin ya tafi Gwaram. Ya ce duk shekara in riƙa sauke ta ƙasa kaɗan yadda yake yi, domin bayanka na ƙara sunkuyawa. Ya ce kada in gaya maka, faɗa za ka yi."

Ashe shekara da shekaru ina tsufa, bangon yana sunkuyowa tare da ni, ban taɓa sani ba. Audu, ka cuce ni, ka tafi ban gode maka ba.

Ya Allah, Audu ya riƙe hannuna a duhu, Ka riƙe nasa ranar tsallake siraɗi. Ka gafarta masa, Ka haskaka kabarinsa, Ka gina masa gida a Aljanna. Ka ba Inna Hauwa, matarsa, haƙurin rashinsa, Ka sa albarka a hannun Sule da ƙannensa. Amin.